Fim ɗin minti 10 a wajen majema: muna neman shawarar waɗanda suka riga mu

'Yar Mabera:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a aji uku a sashen koyon aikin jarida a nan Sakkwato, kuma a wannan zangon karatu an raba mu rukuni-rukuni, an ce kowane rukuni ya shirya gajeren fim da bai wuce minti 10 ba, ya miƙa shi cikin mako shida. Mu bakwai ne, ni aka ɗora wa shugabanci. Labarin da muka tsaya a kansa na wani dattijo ne majemi da jikansa, wanda yake son ya bar jima ya koma kabu-kabu saboda abokansa suna yi masa tsiya a kan warin fata da ke bin tufafinsa. Damuwata ita ce rubutun da marubucinmu ya kawo ya kai shafi 22, a ciki akwai biki, akwai hatsarin babur, akwai asibiti, akwai waƙa guda, kuma wuraren ɗauka sun kai tara. Kuɗin da muka haɗa na karo-karo bai taka kara ya karya ba, amma rabin rukunin suna son a zuba shi duka a hayar babbar kyamara. Mako guda ya riga ya tafi a gardama. Ina roƙon duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya nuna mana inda za mu kama.

Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin a yi maganar kyamara, ku fara da lissafi. Idan an rubuta labarin fim bisa tsarin da aka saba, shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya a allo, don haka shafi 22 fim ne na sama da minti 20, ku kuwa 10 aka ba ku. Wuraren ɗauka tara kuma na nufin sau tara za ku nemi izini, sau tara ku ɗauki kaya a Keke Napep, sau tara ku jira wanda ya makara. A shekararmu mun yi wannan kuskure, muka ƙare da ɗaukar fitowar asibiti a ɗakin kwanan ɗalibai da farin zanen gado da robar ruwa rataye a ƙusa, kuma ranar da aka nuna fim ɗin aji duka ya fashe da dariya a daidai wurin da muke son a yi kuka. Shawarata ita ce ku mayar da labarin wuri ɗaya ko biyu, yini ɗaya, mutum uku. Ku cire bikin, ku cire hatsarin, ku cire asibitin.

Marubucin Rukuni:
Yaya, ni ne na rubuta labarin, kuma da girmamawa ban yarda a cire hatsarin ba. Hatsarin ne ke sa yaron ya gane kurensa ya dawo wajen kakansa. Idan aka cire shi, me ya rage? Tsoho yana jiƙa fata, yaro yana kumbura fuska, sai fim ya ƙare. Mai kallo yana son abin da zai girgiza shi.

Tsohon Ɗalibi:
Ƙanena, ban raina wahalarka ba, shafi 22 ba wasa ba ne. Amma ka tambayi kanka yadda za ku ɗauki hatsarin. Ba ku da wanda ya ƙware a faɗuwa daga babur, ba ku da babur ɗin da za ku yarda ya lalace, kuma idan kuka tare titi a Gawon Nama ko Dandima ba tare da jami'an tsaro ba, taron da zai kewaye ku kaɗai ya isa ya hana aikin. Abin da za a samu a ƙarshe shi ne hoton taya tana juyawa da ƙarar birki da aka ɗauko daga intanet, wanda kowa ya gani sau ɗari. Ban da haka, hatsarin yana yanke wa yaron hukunci ne daga waje. Na fi son in ga shi da kansa ya zaɓa, ko ya tafi ko ya zauna, saboda wani abu da ya gani a hannun kakansa.

Jikan Majema:
Ku yi mini afuwa in sa baki, domin gidanmu ake magana. Kakana majemi ne, mahaifina ma haka, ni ne na fita na yi boko. Ɗiyata 'Yar Mabera, ina da tambaya ɗaya: a cikin ku bakwai ɗin nan, wa ya taɓa yini a wajen jima? Na tambaya ne saboda yadda kika kawo labarin, wari ne kaɗai abin da kuka sani game da sana'ar. Warin gaskiya ne, ba na musu, yana kama tufafi yana kama fata har sabulu ya gaji. Amma jima aiki ne na kwanaki, mataki bayan mataki. Ana jiƙa fata a ruwa ta yi laushi, a sa ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, a shimfiɗa ta a kan itace a kankare da wuƙa, a sake jiƙa ta da kashin tantabara ko na kaji don ta ƙara laushi, sannan a tsoma ta a ruwan bagaruwa da aka daka, wanda shi ne ainihin abin da ke jeme ta ya hana ta ruɓewa. Bayan nan a shafa mai, a murza, a shanya, idan ja ake so a rina da karan dafi. Wanda ya iya aikin da yatsa yake gane fatar da ta sha bagaruwa da wadda take bukatar ƙarin kwana, kuma wuƙa ta zame sau ɗaya ta huda fata, darajarta ta faɗi a wajen dukawa.

Sannan ku sani cewa fatar jar akuyar Sakkwato ba ƙaramar aba ba ce. Ita ce fataken da suka ƙetare Sahara suke kaiwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko ana yi wa littattafai bango da ita, alhali daga ƙasar nan ta fito. Dattijon da ke cikin labarinku ya san abin da yake riƙe da shi. Idan kuka nuna shi a matsayin abin tausayi, majema za su gane daga fitowa ta farko, kuma ba za su sake buɗe wa wani ɗalibi ƙofa ba.

'Yar Mabera:
Baba, maganarka ta kama ni, domin gaskiya babu ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa zuwa. Daga labarin da muke ji muka rubuta. Na gode ƙwarai, kuma ina neman shawararka a kan yadda za mu shiga wurin ba tare da an ɗauke mu 'yan leƙen asiri ba.

Jikan Majema:
Kada ku je da kyamara a ranar farko. Ku je ku biyu ko uku, da takarda daga sashenku, ku fara gaida mai unguwa, shi zai haɗa ku da shugaban majeman wurin. Ku faɗi gaskiyar abin da za ku yi da fim ɗin, da inda za a nuna shi, musamman idan kuna da niyyar ɗora shi a YouTube ko TikTok bayan an ba ku maki. Ku riƙe ɗan goro. Ku zauna ku kalli aikin, ku yi tambaya, kuma kada kowa ya toshe hanci da gyale ko hankici a gabansu, domin wannan kaɗai ya isa ya rufe muku ƙofa.

Malamin Aikin Jarida:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina goyon bayan abin da aka faɗa game da izini, sai dai in ƙara cewa ku rubuta shi. Takarda mai sauƙi cikin Hausa, a karanta wa wanda ba ya karatun boko, ya sa hannu ko ya dangwala, ko kuma ku ɗauki muryarsa yana cewa ya amince. Yaron da bai balaga ba sai da yardar mahaifinsa. Mata kuma, idan za ku shiga cikin gida, sai da yardarsu da ta maigidan, kuma ya fi kyau ɗalibai mata su riƙe kyamara a wannan fitowar. Game da waƙa, ku sani dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta ba ku damar ɗauko waƙar wani ku liƙa a fim ɗinku ku watsa wa duniya ba, kuma YouTube yana da na'urar da ke gano waƙar da aka yi wa rajista. Abin da mu malamai muke dubawa idan mun zo ba da maki shi ne ko ɗalibi ya san dalilin da ya sa ya ajiye kyamara a nan bai ajiye ta can ba, da ko takardun shirinsa sun nuna ya yi tunani kafin ya fita: jerin hotunan da za a ɗauka, jadawalin kwanaki, kasafin kuɗi, da wanda ke da alhakin kowane aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Ɗaukar Biki:
Allah shi gafarta Malam, ni ban yi karatun wannan fanni ba, amma shekara da shekaru ina ɗaukar bukukuwa da walima a garin nan, kuma ina son in yi magana a kan kyamarar da ake son haya. Ƙanwata, kada ku yi hayarta. Kyamarar da ba ku saba da ita ba za ta cinye muku yinin farko wajen neman inda ake danna abu, kuma mai ita zai tsaya a kanku yana duba agogo. Waya mai kyau guda biyu ta ishe ku, in dai kun kwantar da ita a kwance, kun ɗora ta a kan ƙafar kyamara, kun goge gilashinta, kuma kun kulle haske da saiti don kada hoton ya riƙa yin duhu yana washewa da kansa. Kuɗin ku sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, da fawa bank, da abincin 'yan wasa da ruwan sanyi.

Abu na biyu shi ne rana. Muna shiga Maris, kuma kun san daga nan zuwa Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Waya tana ɗaukar bidiyo a cikin wannan rana za ta yi zafi ta rage haske, wani lokaci ta tsayar da ɗaukar da kanta. Ni ta taɓa yi mini haka ana tsakiyar ɗaurin aure, kuma ba a maimaita ɗaurin aure saboda mai hoto. Ku cire mata riga, ku riƙe mata lema, kada ku yi caji kuna ɗauka, kuma wajen zaɓen ingancin hoto ku bar 4K ku tsaya a 1080, domin ya fi sauƙin zafi da cin wuri. A wannan lokaci rana tana fitowa wajen bakwai saura, tana faɗuwa wajen bakwai saura na yamma. Hasken da ke yi wa fuska kyau daga fitowar rana ne zuwa wajen tara da rabi, sai kuma bayan La'asar. Da tsakar rana idanun mutum sukan zama ramuka biyu baƙi, farar riga kuma ta ƙone a hoto. Idan fuska ta yi duhu, farin kwali babba a riƙe shi ta gefe ya mayar da haske ya isa.

Tsohon Ɗalibi:
Ƙari a kan maganar Yaya mai biki: wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, yawancin wayoyi kuma suna zuwa a saite da hoto 30 a daƙiƙa, shi ya sa wani lokaci za ka ga hoton cikin ɗaki yana ƙyaftawa ko ratsi yana bi ta kansa a ƙarƙashin wasu ƙwayayen fitila. Ku mayar da wayoyin biyu zuwa hoto 25 a daƙiƙa tun kafin ku fara, kuma kada ɗaya ta bambanta da ɗaya.

Hajiya Mai Rediyo:
'Ya'yana, na yi shekaru ina shirya wasan kwaikwayo na rediyo kafin in yi ritaya, don haka ta kunne zan yi magana. Ana cewa gani ya kori ji, amma a fim ɗin ɗalibai ji ne yake korar mai kallo. Mutum zai haƙura da hoton da bai fita sosai ba, ba zai haƙura da maganar da iska ta cinye ba. Ku je wurin ku rufe ido minti biyu ku saurara: injin niƙa na maƙwabta, janareta, babura, awaki, yara. Ku san lokacin da kowanne yake tashi da lokacin da yake lafawa, ku tsara ɗaukar magana a tsakani, kuma idan an fara kiran salla ku tsaya cak. Mutum ɗaya a cikinku ya zama ba shi da aiki sai sauti, da abin ji a kunnensa, kuma a ba shi ikon cewa a sake. Kafin kowace ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, wannan tafin ne zai taimaki mai tacewa ya daidaita murya da baki. In kun gama a wuri, kowa ya yi shiru ku naɗi minti ɗaya na shirun wurin, domin da shi ake cike giɓi tsakanin magana da magana.

Waƙar da kuke takaddama a kanta kuwa, ban ga bukatarta ba. Wurin jima yana da kiɗansa: tabarya a turmin bagaruwa, wuƙa tana bin fata, ruwa yana zuba daga fatar da aka matse. Ku naɗi waɗannan daban-daban, kusa da kusa.

Amma babban abin da ya sa na yi magana shi ne harshe. Marubuci, da wace Hausa dattijonka yake magana?

Marubucin Rukuni:
Hajiya, da daidaitacciyar Hausa na rubuta, saboda ita aka koya mana rubutawa, kuma ina tsoron idan muka yi da Sakkwatanci a ɗauka fim ɗin barkwanci ne. Kin san yadda ake yi da harshenmu a finafinai, sai an zo wajen ban dariya ake sa shi a bakin mutumin ƙauye.

Hajiya Mai Rediyo:
Na sani, ɗana, kuma wannan shi ne dalilin da zai sa ku yi akasin haka. Dattijon da aka haifa a cikin garin nan ya tsufa a bakin ramin jima ba zai ce "me kake so" ba, "mi kaka so" zai ce. Ba zai ce fata ba, hwata zai ce. Zai ce "shina nan", zai ce "munka tahi", zai ce "wanga yaro". Idan kuka sa masa Hausar littafi a baki, duk Basakkwacen da ya kalla zai ji ƙarya tun daga jimlar farko, ko da bai iya faɗin abin da ya dame shi ba. Dariya tana zuwa ne idan wanda ba harshensa ba ne ya kwaikwaya yana ƙara gishiri. Idan mai harshen ne yake faɗin maganar da ta dame shi a zuci, babu mai dariya. Har ma kuna iya cin riba a nan: jikan ya riƙa karkata harshe zuwa Hausar da yake ji a waya da finafinai idan yana tare da abokansa, ya koma Sakkwatanci idan ya shigo gaban kakansa. Mai kallo zai gane tazarar da ke tsakaninsu ba tare da wani ya yi jawabi ba.

Malamin Aikin Jarida:
Na amince da Hajiya a kan bakin 'yan wasa, amma bayanin fitowa da takardun da za ku miƙa su kasance cikin daidaitaccen rubutu. Fassarar da za ku sa a ƙasan hoto kuma kada ta wuce layi biyu, a bar ta ta daɗe yadda mai karatu a hankali zai gama. Ku ware mako biyu cikakku don tacewa, domin ɗalibai kullum suna ba ta kwana uku su ƙare da kwana a gaban kwamfuta. A cikin manhajojin tace bidiyo, DaVinci Resolve yana da nau'in kyauta amma yana son kwamfuta mai ƙarfi. Idan taku ba ta ɗauka, CapCut zai yi aikin minti 10.

Mai Ɗaukar Biki:
Kuma duk daren da kuka dawo daga ɗauka, kafin kowa ya ci abinci, a kwafe hotunan wuri biyu, a ajiye su a gida biyu daban. Na san rukunin da wayarsu ta faɗa kwata da aikin kwana uku a ciki.

'Yar Mabera:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana biyar. Mun bi ta wajen mai unguwa kamar yadda Baba ya ce, mun yi yini biyu a wurin babu kyamara. A yini na biyu wani dattijo ya miƙa wa marubucinmu wuƙa ya ce ya gwada kankara, bai yi minti ɗaya ba ya huda fatar, dattijon ya karɓa ya ɗaga ta sama, rana ta ratso ta hudar ta sauka a fuskarsa, bai ce komai ba ya ninke ta ya ajiye gefe. A daren marubucin ya sake rubutun, yanzu shafi 9 ne, wuri biyu, mutum uku, kuma wannan hudar ce ta maye gurbin hatsarin: yaron ya huda fatar da aka riga aka karɓi kuɗinta a ranar da yake shirin gaya wa kakansa zai tafi. Mun sayi makirufo, mun fasa hayar kyamara, ko da yake mutum biyu a rukunin har yanzu suna fushi da ni.

Saura matsala biyu. Dattijon ya yarda a ɗauki hannuwansa da wurin aikinsa amma ya ce ba zai yi wasan kwaikwayo ba, don haka muna neman wanda zai fito a matsayin kaka, mai shekaru, mai Sakkwatanci a baki, wanda kuma hannunsa ba zai tona mana asiri ba idan aka haɗa da hoton hannun majemin gaske. Ta biyu, gwajin sautin da muka yi da safe ya fito da ƙarar injin niƙa daga bakwai da rabi har zuwa tara, wato daidai lokacin da hasken ya fi kyau.

Hajiya Mai Rediyo:
Ɗiyata, mai injin ku same shi tun da yamma ku gaishe shi, ku tambaye shi nawa yake samu a wannan awa ɗaya da rabi, ku biya shi na kwana biyun da za ku ɗauki magana, ku kuma roƙe shi ya sanar da matan da ke kawo niƙa tun kwana guda kafin ranar. Sauran hotunan da babu magana a cikinsu ku ɗauka injin yana aiki, a ɗora musu sauti daga baya. Maganar kaka kuma, akwai tsofaffin da muka yi wasan rediyo da su da har yanzu suna garin nan, zan tambayi biyu daga cikinsu in ji wanda lafiyarsa za ta ɗauki tsayuwar safe. Amma hannun da ya shekara hamsin a ruwan bagaruwa ba a samunsa da kwalliya, don haka ku sa wa ɗan wasan riga mai dogon hannu irin ta dattijon, kuma kada ku nuna fuskarsa da tafin hannunsa a hoto ɗaya.

Jikan Majema:
Fatar da za a huda a gaban kyamara ku saye ta da kuɗinku tun kafin ranar, kuma ku sayi uku, domin ba lallai ne ɗauka ta farko ta yi ba.